Zanen Inna da Wutar Wasa

Ranar wata Asabar ce cikin watan Afrilu, a shekarar da na cika tara, ina tsaye a wani fili a bayan garin Birmingham, taɓo ya riƙe mini takalmi, ina kallon wani ƙaton Bature da ke gwajin mutuwa. Ba a ma fara wasan kwaikwayon yaƙin ba, amma shi har ya kwanta rigingine a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, an lafta masa jan fenti a tumbi, ya baje hannu ɗaya kamar wanda harsashi ya kayar. Ɗaya hannun kuwa yana cikin takardar soyayyen dankali, yana zaƙulowa yana turawa a baki ta ƙarƙashin malafarsa, maiƙo yana bin gemunsa yana gauraya da fentin. Iska tana kaɗo warin albarushi da na kashin doki da na naman alade da ake gasawa a wata rumfa, mutane kuma sun yi dafifi a bakin igiyar da aka kange filin da ita, da 'ya'yansu a kafaɗa, suna jiran a kai wa gari hari su sha kallo. Har yau in na tuna wannan warin sai yawu ya taru mini a baki. Na daɗe ina cewa mutumin nan ne ya fi ba ni ƙyama a ranar, amma ƙarya nake yi. Wadda ta fi shi tana tsaye kusa da shi da farar hula da gyauton rigar filo, wato ni.

A lokacin muna zaune a unguwar Selly Oak, a ɗakunan ƙasa na wani tsohon gida da muke rabawa da wasu ɗalibai biyu da ke sama. Abba yana karatun digirin digirgir a jami'a, kullum yana fita da jaka a baya kamar ɗan firamare, ba ma ganinsa sai magariba. Bangon ɗakinmu yana gumi rani da damina, ga baƙin funfuna a bayan kabad, kuma aikina ne duk Lahadi in goge shi da tsumma da ruwan bilic, in ya yi kwana huɗu ya dawo kamar ya ji daɗin wankan. Tsakar gidanmu wani ɗan tsukukun siminti ne a baya, bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, rabinsa kuma kwandunan shara sun cinye. Nan Umma ta jera bokitan fenti ta shuka alayyahu da yakuwa, dodon koɗi yana cinyewa, tana sake shukawa. Nan ta koya mini 'yar carafke da tsakuwar da muka tsinto a bakin titin jirgi, nan nake zana 'yar gala-gala da alli in yi ta tsalle ni kaɗai, ɗaliban sama suna leƙowa ta taga da kofin shayi a hannu.

Shekarun tsuke bakin aljihu ne a Ingila, kuma ko yaro ya san da haka. Laburaren da Umma take kai ni in mun dawo daga cefane a Bristol Road ya koma buɗewa wasu ranaku kawai. Matar da ke taimaka wa malamarmu a aji, wadda take ɗaure mini igiyar takalmi, wata rana aka wayi gari babu ita, aka ce babu kuɗin riƙe ta. Tafiyar da aka yi mana alkawari zuwa bakin teku ita ma ta bi ruwa. Saboda haka da wata ƙungiyar masu kwaikwayon yaƙin da can ta gayyaci ajinmu kyauta, malamarmu ta rungumi abin hannu bibbiyu. Ta ce mana shekaru ɗaruruwa da suka wuce an yi yaƙin basasa a ƙasar, sarki da majalisa suka ja daga, sojojin sarki suka afka wa Birmingham a kan dawaki, suka kashe mutane, suka wawushe gidaje, suka cinna wuta. Mu 'yan mata za mu fito a matan gari masu gudu da ƙunshi a hannu. Ta nuna mana hoton bidiyon irin wasan, ajin ya kaure da sowa, ni kuwa na fi kowa rawar kai, don ban taɓa samun matsayi a wani wasan makaranta ba sai na tunkiya.

Kafin in ci gaba sai na faɗi abin da ke ƙasan akwatin Umma. Zane ne, tsohuwar atamfa shuɗiya mai hoton tsuntsaye, ta koɗe har tsuntsayen sun fara ɓacewa, gefe ɗaya kuma wuta ta lasa ya yi baƙi. Na Inna ne, mahaifiyar Umma. Lokacin da Umma take da shekara goma sha biyu rikici ya ɓarke a garinsu, aka shigo unguwarsu da adduna da fetur. Inna ta kwance mayafin zanenta ta ƙulle 'yan kaya a ciki, ta ɗora mata a ka, ta ce ta ruga tasha, ga ta nan biye. Ba ta biyo ba. Babu kabari, babu hoto, gidan ma ya tafi, zanen nan kaɗai ya rage. Sau ɗaya a shekara Umma takan fito da shi ta baza a kan gado ya sha iska, ta sa masa sabon kafur ta mayar. Ba ta taɓa wanke shi ba. Duk wannan na sani, ko da yake a gutsuttsure na ji shi daga bakin Abba. Kuma sunan Inna aka sa mini, Hajara, shi ya sa Umma ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Ummi.

Ni ce mai karanta wa Umma takardun makaranta, don Turancinta na kasuwa ne da na asibiti. Da na kawo takardar, tana tsinke alayyahu a kan tire, na fassara mata cewa za a taru a tuna ranar da aka kai wa garin nan hari aka kashe mutanensa. Sai hannunta ya tsaya.

"Su ma an taɓa ƙona musu gari?"

Na ce e, tun da can.

"Allah sarki, bayin Allah," in ji ta. "Ka ga mutum yana ta sauri a titi, ba ka san abin da aka yi wa kakanninsa ba. Ashe suna taruwa su tuna da su. To ai mu ma sai mu je, mu kai tamu sadakar."

A wurin Umma, in an ce za a taru a tuna waɗanda aka kashe, to abu ɗaya ne: a shimfiɗa tabarmi, a yi addu'a, a gaisa da masu rashi, a raba waina. Ni na ga bidiyon, na san akwai igwa da bindiga da tafi. Na kuma san Umma, matar da in an fara wasan wuta a watan Nuwamba take shiga banɗaki ta kunna famfo ta zauna. Da na ce mata wasa ne da harbe-harbe, da ta ninke takardar ta ce ba inda zan je. Sai na bar ta a kan fahimtarta, har da gyaɗa kai. Abba bai karanta takardar ba, a tsaye ya sa hannu yana neman makullinsa.

Makaranta ta ce babu kuɗin hayar kaya, kowace uwa ta yi wa 'yarta farar hula da gyauto da tsohuwar rigar filo, ta kuma haɗa mata ƙunshi irin na mai gudun hijira. Hula da gyauto Umma ta gama su a zama ɗaya. Ƙunshin ne ta ɗauka da gaske. Ranar Alhamis da yamma ta zaunar da ni a ƙasa ta jera kaya a gabana: garin kwaki a leda, ƙuli-ƙuli, ashana da ta naɗe a leda biyu don kada ta jiƙe, allura da zare, gorar ruwa. Na kawo ƙaramin kwanona ta ture shi, ta ce, "Ba a gudu da kwano, ƙara yake yi." Ta ce in cire takalmin makaranta in sa mai taushin ƙasa. Ta ce, "In kin ji harbi ki duƙa, kuma ba a ihu. Mai ihu ake fara gani." Na danne dariya, don malamarmu kwana uku tana koya mana ihu a filin wasa, tana cewa ba ta ji ba, mu ƙara. Daga nan Umma ta yanki wani ɗan farin ƙyalle ta yi rubutu a kai da biro, ta ɗinke shi a cikin ƙugun siket ɗina, ta ciki, inda ba mai gani. Ban ko duba abin da ta rubuta ba, hankalina yana kan talabijin.

Sai ta jawo akwatin daga ƙarƙashin gado. Abba ya ɗago daga littafinsa ya ce, "Wannan zanen kuwa? Ki ba ta wani mana." Umma ta ce, "Aikinsa ke nan. Tun da na zo ƙasar nan ban ga wurin da ya dace a kai shi ba sai wannan." Ta shimfiɗa shi, ta zuba kayan a tsakiya, ta haɗa kusurwa da kusurwa ta ƙulle da wani irin ƙulli da ko an ja ba ya kwancewa, hannunta yana yi da sauri kamar jiya ta koya. Ta ɗora mini a ka ta ja da baya tana kallona, har na tsargu. Sannan ta ce, "Ummi, ko me za ki yar, kada ki yar da wannan." Na ce to. Abin da ke raina kawai shi ne nauyinsa da warinsa, warin kafur da tsohon hayaƙi da ƙuli-ƙuli.

Ranar Juma'a Anti Mariya ta iso daga Manchester da tandarta a cikin jakar Ghana-mos-go. Aminiyar Umma ce, 'yar zangon Kumasi, tana zaune a unguwar Longsight tana aikin kula da tsofaffi, kuma Hausarta ba ruwanta da bambanta mace da namiji. Da ta ji bayani sai ta taɓe baki. "Ni dai twenty years ina ƙasar nan, ban ga Bature ya yi wa mamaci sadaka ba, sai flowers. Ummi, ka tabbata abin da letter ɗin ya ce ke nan?" Na ce na tabbata, ina kallon yatsun ƙafata. Ta daɗe tana kallona ta wutsiyar ido, amma ta ƙyale. Da asuba suka hau suya, suka sa wa na'urar gano hayaƙi safa don kada ta tashi 'yan sama, gidan ya cika da ƙamshin waina. Suka cika babbar roba, suka rufe da sabon tawul. Umma ta sa baƙin hijabinta na zuwa gaisuwar mutuwa, ba ta shafa ko hoda ba.

Bas biyu muka hau, na biyun ya sauke mu a bakin wata gona. Tun daga ƙofa aka fara cin karo da abin da bai yi kama da zaman makoki ba. Ga motar askirim tana kiɗa, ga gidan balan-balan yara suna tsalle a kai, ga rumfar giya an cika ta tun hantsi, ga wani yana sayar da takubban roba. Umma ta rage tafiya, robar waina a kanta, tana waige-waige. Da muka ga malamarmu sai ta sauke robar, ta ɗan russuna, ta ce mini, "Ki ce mata ya haƙuri, ya ƙarin haƙuri." Na juya na ce da Turanci mamata tana gaishe ki da safiya. Malamar ta washe baki ta ce hijabin ya yi kyau. Umma ta buɗe tawul ta fara miƙa wa masu wucewa, maza da sulke da kwalkwali, kofin giya a hannu. Wani ya karɓa ya matsa mata jan tumatirin kwalba ya cinye a loma ɗaya, ya yi gyatsa. Wata mata ta gutsura, ta yamutsa fuska, ta miƙa wa karenta sauran. Na ga Umma ta bi wainar da ido har cikin bakin karen. Ta ce, "Ummi, ina wurin addu'ar?" Na ce sai an jima, na falla da gudu wajen 'yan ajinmu.

An gina garin wasan a tsakiyar filin, bukkoki shida na katakon kwali da ciyawa, an zana musu tubali da fenti. A bayansu aka tara mu, kusa da mutumin nan mai dankali. Kowace yarinya tana riƙe da farar rigar filo da aka cusa wa jarida, sakayau, ana wurga su sama ana cafewa. Nawa kaɗai ne mai launi, nawa kaɗai ne mai nauyi. Wata yarinya da na daɗe ina neman shiga wurinta ta matso ta sunsuna, ta toshe hanci, ta ce yana warin kabad ɗin kakarta da ta mutu. Sauran suka kwashe da dariya, har da masu yin kamar za su yi amai. Kunya ta rufe ni, na ji na tsani zanen, na tsani tsuntsayen da ke jikinsa. Da hankalin malama ya tafi wani wuri sai na zagaya bukka ta ƙarshe, na tura ƙunshin can ciki, na ja ciyawa na rufe shi. Na ce a raina in an tashi zan dawo in ɗauka, ba wanda zai sani. Na ɗauki rigar filo ɗaya daga cikin na rara na shiga layi, jikina har ya yi sauƙi.

Wani mutum ya hau lasifika yana ba da labarin harin da muryar mai tallan kifi, yana sako barkwanci, jama'a suna dariya. Sai igwa ta tashi. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba, har cikin haƙorana na ji ta. Bindigogi suka biyo baya, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki suka ɓullo daga bayan shinge, mu kuma aka ba mu alama muka fito a guje muna ihu, rabin ihun dariya ne. Ina cikin gudu na hango bakin igiya. Robar waina ta kife, wainar tana gangarawa cikin taɓo, Anti Mariya tana miƙa hannu ta kamo iska. Umma ta riga ta shige ta ƙarƙashin igiya. A duƙe take gudu, ba ta ihu, ba ta waige, ta ratsa tsakanin dawaki biyu kamar ba ta gan su ba. Ta damƙi wuyan hannuna da hannu ɗaya, ɗayan kuma ta fizgi yarinyar nan da ta toshe hanci, don ita ce kusa, ta ja mu bayan wani damin ciyawa ta kayar da mu, ta kwanta a kanmu. Ta toshe mini baki da tafinta. Ina jin zuciyarta tana dukan bayana, tana raɗa mini a kunne, "Yi shiru, yi shiru, Inna tana zuwa."

Sai na ji tafi. Jama'a sun ɗauka cikin shirin ne. Mai lasifika ya ce da alama garin ya samu agaji daga inda ba a zata ba, filin ya ɗauki shewa, wayoyi suka yi sama ana ɗaukar hoto. Yarinyar ta zame ta gudu tana kuka. Ni kuwa na ture hannun Umma, na miƙe, taɓo har a hulata, na daka mata tsawa da Turanci, da irin lafazin 'yan Birmingham, don kowa ya ji cewa ni ba irinta ba ce. Na ce ta sake ni, wasa ne, ta kunyata ni. Ta zauna a ƙasa tana haki, tana kallona kamar ta farka a gidan da ba ta sani ba. Sannan idonta ya sauka kan abin da ke hannuna. Rigar filon ta yage, jarida tana leƙowa.

"Ina zanen?"

Idona ya tafi kan bukka ta ƙarshe. Ba wanda ya gaya mana cewa da gaske za a ƙona bukkokin, an ɓoye ne don a burge 'yan kallo. Da aka tabbatar yara sun fice, sojojin sarki suka bi su ɗaya bayan ɗaya da bakin wuta. Busasshiyar ciyawa ce a ciki da kwali, ko minti ɗaya ba su ɗauka ba. Umma ta tashi ta nufi wutar, wani ma'aikacin wurin mai riga ruwan ɗorawa ya tare ta da hannu biyu yana cewa dokar tsaro ta hana. Anti Mariya ta iso tana zazzaga masa Turanci da Hausa a haɗe, yana ta maimaita maganarsa ɗaya. Umma ba ta yi kokawa da shi ba. Ta tsaya a wurin, hannuwanta a sake, tana kallo. A bayanta ana ta sowa, wani uba ya ɗaga ɗansa sama don ya gani da kyau, yaron yana lasar askirim yana zuba wa uban a ƙeya. Da rufin bukka ta ƙarshe ya rufta aka yi tafi mafi ƙarfi, matattu suka tashi suna kaɗe wando suna russunawa, har da mai dankali.

Bayan an kashe wutar da mesa aka bar mu muka matsa. Anti Mariya ta samo sanda tana tona baƙin caɓin, tana tsaki, tana share ido da gefen mayafi. Abin da ta samu kawai gorar ruwan ce, ta narke ta dunƙule. Umma ta ce ta bari. A bas na zauna ina jiran mari, ina ma fatan sa, don da ta mare ni da na samu abin da zan yi wa kuka. Sai ta zaro hankici ta jiƙa da yawu tana goge mini taɓon da ya bushe a kunne, a hankali, kamar kullum. Mun kusa Bristol Road ta juya wajen Anti Mariya, ba wajena ba, ta ce, "Wutar gaske ma ta bar mini shi." Har yau ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar Litinin malamarmu ta manna mini tauraro a riga, ta ce mamata ta burge kowa, ko za ta yarda ta zo ta ba aji labarin Afirka. Na ce ba ta jin Turanci. A banɗaki na ɓare tauraron na jefa a masai, na tsaya ina wanke hannuna har ƙararrawa ta kaɗa. Da shekara ta zagayo na shigo ɗaki na tarar Umma ta jawo akwatin, ta sayo sabon kafur kamar yadda ta saba. Ta ɗaga kayan sama har ƙasa, ta tsaya, sannan ta zuba kafur ɗin a wurin da babu komai ta mayar da murfi. Ta ɗago ta ganni a bakin ƙofa, ta ce in je in kwashe shanya, hadari ya haɗo.

Su Umma sun koma Kano tun da Abba ya gama. Ni na dawo Ingila karatu, ina zaune wurin Anti Mariya a Longsight, gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ni nake yi mata cefane. Kwanaki ina jiran bas a Stockport Road na ga an manna talla, ashe Manchester ma an taɓa yi mata ƙawanya a wancan yaƙin, za a kwaikwaya a wani fili, yara kyauta, akwai abinci da kiɗa. Na koma ɗaya gefen rumfar na tsaya a cikin yayyafi. Na sha bin masu atamfa a kasuwar Longsight ina neman shuɗiya mai tsuntsaye, har na taɓa samun mai kama da ita na sayo turmi guda. Anti Mariya ta juya shi a hannu ta ce, "Mamanki ba zane ya rasa ba, Ummi. Ajiye kayanki." Yana nan a kabad ban aika ba.

Abin da na riƙe shi ne siket ɗin. Sai da ya yi mini kaɗan, za a kai shi shagon gwanjo, na juya shi na ga farin ƙyallen nan a ƙugu, ɗinkin ƙanana a jere. Lambar wayar Abba ce a ƙasa, a sama kuma, da rubutun Umma mai karkata, sunan da bakinta bai taɓa furtawa a gabana ba: Hajara. A da na ɗauka nauyi ta ɗora mini a ranar don ta kunyata ni a gaban 'yan ajinmu. Yanzu na san abin da ta ba ni in riƙe mata na wuni ɗaya uwarta ce, ta kuma ɗinke sunanmu a jikina don in na ɓata a dawo mata da ni. Ni an dawo da ni.